Rigar Wakili a Filin Ajo

Tun kafin Baffa Hashimu ya rufe baki Turai ta san ƙarya ce, ta kuma san a gidan da aka dafa ta.

Wai mawaƙin da aka gayyato daga Sakkwato ba zai samu zuwa ba. Wai zazzaɓi ya kayar da shi. Baffa ya faɗi haka ne a tsaye a bakin tsakar gida yana gyara hula, fuskarsa wasai kamar wanda ya kawo albishir. Mata na ta kwasar tuwon baƙi, rana ta take tsaka, ga shi ranar Talata, kasuwar Mafara ta cika ta batse. Da an sallame la'asar za a buɗe ajon tunawa da mahaifinta.

Mahaifin nata, Malam Abdulhamid, daga Mafara har Bakura da Maradun ba a kiransa da komai sai Wakili. Ya yi zaman majalisa a Kaduna a zamanin siyasar farko, ya dawo gida da rigar da ya tafi da ita. Abokansa sun dawo da motoci da benaye. Shi kuwa ko ɗaki bai ɗora ba, har rabonsa na gidan gado ya bar wa ƙanensa Hashimu lokacin da kasuwa ta juya wa Hashimun baya. In ya ji ana gayyar noma, sai ya tuɓe riga ya rataye a reshe, ya karɓi galma ya shiga sahu.

Shi ya sa da aka tashi tunawa da shi, mutane suka ce ba taron jawabi suke so ba, aiki za a yi. Ruwan madatsar Bakolori ya haɗiye gidaje da gonakin mutanen Maradun, an kwashe su zuwa wani tudu mai tsakuwa. Masu ƙarfi sun yi gini, tsofaffi da matan da mazansu suka mutu har yanzu suna cikin bukkar kara. Samari suka yi gayya suka ta da musu bangaye, saura rufi. Kwano kuwa ba a samunsa da ƙarfin damtse, don haka aka shirya ajo: a tara jama'a a yi kiɗa, abin da aka samu a sayi kwano da katako. Hadari ya fara haɗowa gabas kowace yamma, kuma bangon ƙasa marar rufi ruwa ɗaya ya ishe shi.

Turai ta ajiye marar tuwo, ta tambaya cikin ladabi ko za a aika wa makaɗan gari. Baffa ya ce ai duk sun tafi biki Dakko tun jiya. Ba sai an gaya mata wanda ya yi hayarsu ya kuma ba su mota ba.

Alhaji Falalu ne, shugaban kwamitin ajon, ɗan kwangilar da ya yi kuɗi da kai tsakuwa wurin aikin madatsa. Mutumin da Wakili yana raye bai taɓa taka ƙofar gidansa ba, yanzu shi ne ba ya buɗe baki sai da "marigayi ubanmu". Ranar gayya ya zo cikin farar shadda, ya riƙe tubali ɗaya har mai hoto ya gama, ya ajiye ya nemi ruwan wanke hannu. Tun bara yake neman auren Turai. Ta gaya masa a fili ba ta yi, ya yi dariya ya ce malaman makaranta haka suke, sai an bi su a hankali.

Ta bi Baffa zaure. Duk da zuciyarta ta kawo iya wuya, sai da ta durƙusa.

"Baffa, kun san babu sauran mai ganga cikin garin ga sai mutum guda."

"Na sani."

"Kuma ku kunka ce in yat taɓa ganga, maganarmu ta mutu."

"Ni nic ce, kuma ban sake ba. Ba wanda ya aza mai wuƙa ga wuya. In ya so shi kaɗa, in ya so shi bari. Mu dai za mu gani ko mutum na wanke jinin da anka haihe shi da shi."

Mutum gudan nan Jafaru ne, ɗan Sallau Makaɗi, wanda ya yi wa Wakili kiɗa tsawon rayuwarsa. Lokacin da dattawan Jafaru suka zo neman Turai, Baffa ya ce gidansu ba ya haɗa iri da maroƙa. Da aka matsa masa, sai ya gindaya sharaɗi: yaro ya rabu da ganga kwata-kwata, in an gama hidimar tunawa da Wakili a zauna. Baffa ya ɗauka ba zai kai Sallah ba. Jafaru ya rataye gangarsa, ya koyi tuƙi, ya zama direban tifa a wurin aikin madatsa. Damina biyu ta wuce, ko tebur bai taɓa ƙwanƙwasawa da yatsa a gaban mutane ba. Yau ce ranar ƙarshe ta sharaɗin, yau kuma aka haƙa masa rami.

Turai ta ce, "Baba bai cin tuwo sai da Sallau ga akushi guda."

"Ya ci tuwo da shi, bai ba shi ɗiya ba."

Ta so ta tuna masa maganar riga, amma ta haɗiye. Ba wanda bai san maganar ba a garin. Wakili ba shi da ɗa namiji, Turai ce kaɗai Allah ya bar masa. Da ciwon ajali ya kama shi, a gaban liman da Hashimu da Sallau da Jatau sanƙira mai yi wa makaɗa shela da kirari, ya ce rigarsa ta saƙi, wadda ya yi zaman majalisa da ita, kada a sa ta cikin gado. Ta wanda zai auri Turai ce, kuma Hashimu ne zai sa masa da hannunsa. Tun ran nan rigar take cikin adakar Inna Marka, mahaifiyar Turai. Alhaji Falalu ma ya sha faɗa a majalisa cewa rigar na jiransa, ko da yake duk mai ido ya san ko kafaɗarsa ɗaya ba za ta rufe ba.

Ta tashi ta zari gyale ta fita, ba ta ko tsaya wanke hannu ba.

A bayan filin makarantar firamare ta sami Jafaru, inda ya ajiye tifarsa bayan ya sauke bencina. Yana zaune a kan tudun ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Tun kafin su gaisa idonta ya kai kujerar gaba ta motar. Wani abu ne a naɗe cikin buhu, kuma ta san siffarsa.

Nan take ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta tambaye shi abin da ke cikin buhun. Ya ce ganga ce, babansa ne ya sa aka ɗora masa da safe, bai ce masa komai ba.

"To mayar mai da abinai," in ji ta. "Yanzu."

"Turai, zauna mu yi magana."

"Ba ni zama. Kai ba ka gani tarko na? Falalu yak kore makaɗa, Baffa na zaune shina jira. Yini guda yar rage muna, Jafaru. Yini guda. Ka yi haƙurin damana biyu, ka kasa na yamma guda?"

Ya ɗago kai. Idanunsa sun yi ja, da gani shi ma bai wuni lafiya ba. Ya ce ya san tarko ne tun jiya da ya ga motar Falalu ta kwashi makaɗa. Ya ce ya je har Bakura da sassafe neman ko da mai kalangu ɗaya, ya tarar an riga shi. Sa'an nan ya nuna mata filin da hannu. Mutanen Ruwan Gizo da Birnin Tudu sun fara isowa, wasu da damman gero a kan jakuna, wasu janye da awaki. Ya ce ta san al'adar ajo sarai: ba a kyauta a shiru. Sai ganga ta kira mutum, ta kira ubansa, sanƙira ya ɗaga murya, sa'an nan hannu ke shiga aljihu. In ba kiɗa, kowa zai ja akuyarsa ya koma gida, ba don rowa ba, don haka abin yake.

"Su koma," ta ce, hawaye na zubo mata. "A sake wata rana."

"Dubi gabas."

Ba ta duba ba, don ta san abin da ke can.

Ya ce babansa ma yana cikin waɗanda ruwa ya tasa, kuma da albashinsa ya rufe masa ɗaki tun watan jiya, amma tsohon ya ƙi kwana a ciki. Hannunsa na dama ya shanye, ba ya iya riƙe ko cokali, amma ya kafe a bukka, ya ce ba zai kwanta ƙarƙashin kwano maƙwabtansa makafi na ƙarƙashin kara ba. Ya ce Wakili ba zai yi haka ba.

Jin sunan ya ƙara tunzura ta.

"Wakili, Wakili! Kowa Wakili. Falalu na cin kwangila da sunanai, Baffa na zama gaban taro da sunanai, kai kuma za ka yashe ni da sunanai. Ni ɗiyatai mi nis samu? Ni ba marainiya ba ta? Ni wa za ya yi ma gayya?"

Ya bar ta ta yi kukanta. Da ta lafa, ya ce a hankali, "Wallahi ban taɓa son wani abu awa yadda ni ka sonki ba. Amma in ruwa ya rushe ɗakunan nan ina zaune da ganga cikin mota, kullum nid dube ki sai in tuna abin da nis saye ki da shi. Ke ma wata rana sai ki raina ni."

"In ka kaɗa ta, kak ka sake kiran sunana."

Ta juya ta tafi. Tana jiran ya kira ta, bai kira ba, wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Bayan la'asar fili ya cika maƙil. Manyan gari sun jeru a ƙarƙashin rumfa, Baffa Hashimu a tsakiya, mata a gefe guda, Turai a cikinsu ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Alhaji Falalu ya karɓi lasifika ya shiga ba da haƙuri, daga nan ya zarce jawabi a kan halayen marigayi, yana yi yana goge ido da hankici ba tare da hankicin ya jiƙe ba. Ya ce tunda ba kiɗa, duk mai niyya ya taso ya ajiye abin da ya kawo.

Ba wanda ya motsa. Mutane suka yi ta kallon juna. Can wani tsoho daga Birnin Tudu ya miƙe ya fara kwance akuyarsa daga jikin turke, na kusa da shi ya ɗora damin geronsa a kan jaki. Gefen filin ya fara zubewa, iska mai sanyi ta taso daga gabas tana kaɗa rumfa.

Turai ta runtse ido tana addu'a, ita kanta ba ta san wanne take roƙo ba, Jafaru ya kaɗa ko ya bari.

Sai ta ji ta.

Bugu uku masu nauyi, sa'an nan wani ɗan tsaiko, sa'an nan gangar ta ɓarke. Taken Wakili ne, wanda Sallau ya yi masa tun yana saurayi a fagen noma, wanda ba a sake ji ba tun ranar da aka kai shi makwancinsa. Jafaru ya fito daga bayan makaranta da gangar noma a rataye, cikin kakin aikinsa mai maiƙon inji, bai dubi rumfa ba, bai dubi wajen mata ba.

Tsohon nan ya saki igiyar akuya. Wata tsohuwa kusa da Turai ta dafe ƙirji ta fashe da kuka. Jatau sanƙira, wanda tun ɗazu yake zaune kamar an zare masa laka, ya yi wuf ya faɗa fili yana kirari. Waɗanda suka kama hanya suka juyo da gudu. Jafaru ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ganga, yana kiran kowa da taken gidansu, don ba gidan manomi a ƙasar nan da bai bi babansa gonarsu ba yana yaro. Dammai suka fara taruwa a tsakar fili, awaki na kuka, mahauta da 'yan tireda na turereniyar liƙi. Har direbobin tasha suka kashe motoci suka shigo.

Turai na tsaye tana kuka, haushi kamar ya kashe ta. Haushin Baffa, haushin Falalu, haushin Jafaru, da haushin kanta, don ƙafarta na bin kiɗan ba da izininta ba. Ba ta taɓa ganinsa da kyau irin na yau ba, kuma yau ɗin ce ta rasa shi.

Tana cikin haka aka taɓa ta, aka ce Baffa na kira. Ta je ta durƙusa a gefen kujerarsa. Murmushi yake yi har kunne, Falalu na gefensa yana kaɗa ƙafa.

"Kin gani da idonki," in ji Baffa. "To tahi gida, bayan ƙohwar ɗakina akwai tsohuwar riga rataye. Ɗauko mani. Makaɗin gidanmu ya yi ƙoƙari, ya kamata a tuhwatar da shi."

Ta gane nufinsa sarai. In maigida ya sa wa makaɗi riga a bainar jama'a, ya zama makaɗin gidan ke nan, baransu, shi da 'ya'yansa. Ba kuma wanda ke ɗaukar 'yarsa ya ba baransa. Bai ishi Baffa a ce Jafaru ya karya sharaɗi ba, so yake ya rufe ƙofar ya sa mata kwaɗo a gaban garuruwa uku. Kuma duk yaran da ke wurin bai ga na aike ba sai ita.

Ta ce to. Ko ita ta yi mamakin yadda muryarta ta fito sumul.

Gida ba kowa sai Inna Marka a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Tun da ta fita takaba ba ta sake taka ƙofar gida ba, ko yau ta ce daga nan ma tana jin gangar. Turai ta wuce ɗakin Baffa ta fizgo rigar daga ƙusa. Wata koɗaɗɗiyar riga ce mai jirwayen goro a gaba, ko da duhun almuru ba a fita da ita. Ta tsaya tana kallonta, sa'an nan ta yi jifa da ita bayan randa.

Ta zo ta durƙusa gaban uwarta, ta gaya mata duk abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Sa'an nan ta ce a ba ta mabuɗin adaka.

Inna ta ajiye carbi.

"Kin san abin da za ki jawo?"

"Na sani, Inna."

"Ba ki sani ba. Ke kina da aikinki na makaranta. Ni ka zaune gidan ga ƙarƙashin Hashimu."

Turai ta sunkuyar da kai. Gaskiya ce, kuma a cikin fushinta ba ta tuna da wannan ba. Ta yunƙura za ta tashi ta ɗauko waccan rigar daga bayan randa, sai ta ga Inna na kwance haɓar zanenta. Ta ciro ɗan mabuɗin ta ajiye a tabarma.

"Sallau ya bi ubanki har Kaduna da ƙahwa lokacin da anka ce an ɗaure shi," in ji ta. "Hashimu na nan shina awon gyaɗa. Naɗe ta da kyau cikin zane, kak a ga wuyanta sai ta kai hannunai."

Da Turai ta koma, ajo ya kai inda ake so. Hadari ya yi baƙi ƙirin a gabas amma bai sako ba. Ta ratsa mutane da ƙunshin a hannu biyu, ta durƙusa ta miƙa wa Baffa. Bai ko duba ba. Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya yafito Jatau, ya raɗa masa abin da zai faɗa, don irin wannan kyauta sai an yi shelarta kafin a gan ta.

Jatau ya ɗaga hannu ganga ta tsaya. Fuskarsa ba walwala, don ya san abin da ake shirin yi wa yaron, amma sanƙira ba ya ƙin aike. Ya ɗaga murya ya ce jama'a su saurara, Alhaji Hashimu ƙanen Wakili ya ba Jafaru ɗan Sallau riga, riga daga cikin gidan Wakili, kuma da hannunsa zai sa masa. Ya faɗa gabas, ya juya ya faɗa yamma, kowa ya ji.

Jafaru ya sauke ganga. Ya tako a hankali ya durƙusa gaban rumfa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Shi ma ya san ma'anar abin. Ya runtse ido ya miƙa wuya kamar rago.

Baffa ya warware zanen, ya kama rigar ta kafaɗu ya girgiza ta a sama don kowa ya gani.

Filin ya yi tsit.

Saƙi ce baƙa mai ratsin fari, ta sha jiki har ta yi laushi. A kafaɗar hagu ga facin nan da kowa ya sani, inda ƙaya ta yage ta ranar wata gayya a Ruwan Gizo, Wakili ya hana a sake ta, ya tafi majalisa da ita a haka. Ba babba a filin nan da bai taɓa gaishe da rigar nan ba.

Hannun Baffa ya tsaya a sama. Ya juyo ya dubi Turai, ita ma ta dube shi, karo na farko a rayuwarta ba ta kawar da ido ba.

Alhaji Falalu ya taso har yana tuntuɓe da kujera, yana cewa kuskure ne, yarinya ce ta ɗauko wadda ba ita ba, a mayar a sako wata. Ba wanda ya tanka masa. Kyautar da sanƙira ya riga ya yi shela ba ta komawa gida. Wanda duk ya janye ta, makaɗa za su yi ta yawo da sunansa kasuwa-kasuwa har jikokinsa, balle a taron ɗan'uwansa, balle a gaban mutanen da suka ba da awakinsu.

Jatau kuwa sai ga shi ya miƙe tsaf kamar an mayar masa da ƙuruciya. Bai jira an raɗa masa komai ba. Ya ce shi shaida ne, liman ga shi nan zaune shi ma shaida ne, Wakili ya ce rigar nan ta mijin Turai ce, kuma Hashimu ne zai sa masa da hannunsa. Ya ce yau ga Hashimu, ga hannunsa, ga riga, Allah ya yi wa mai cika wasiyya albarka. Liman ya sunkuyar da kai ya ce haka aka yi.

Wata tsohuwa daga cikin mutanen Maradun ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa.

Jafaru ya buɗe ido. Ya dubi rigar, ya dubi Turai.

Baffa ya sa masa. Ya zura masa ita ta ka da ƙarfi kamar mai ɗaure buhu, amma ya sa masa. Rigar ta zauna a kafaɗun Jafaru a kan kakin nan mai maiƙo. Fili ya kaure da sowa, samarin gayya suka ɗaga shi sama, Falalu ya tattara babbar rigarsa ya nufi mota ba sallama.

A cikin wannan hayaniya Baffa ya sunkuyo daidai kunnen Turai. Har yanzu murmushi yake yi saboda idon mutane.

"Riga na ba da, don bakin duniya. Amma ni a waliyyinki, kuma muddin ina numhwashi ba a jin na ba shi daga bakina. Ke da uwarki ku kwashe kayanku ku bar mani gida, kahin ruwan ga ya sauko."

Ya miƙe ya koma kujerarsa yana amsa gaisuwar masu yi masa sambarka.

Turai ba ta kanta take yi ba, Inna take tunani, matar da aka kawo gidan nan tun tana yarinya, wadda ba ta san hanyar ko'ina ba sai ta rijiya. Da wane baki za ta je ta gaya mata? Ta tashi da kyar, ta kutsa cikin mutane za ta nufi gida.

Ba ta yi nisa ba ta tsaya cak.

A bakin filin, kusa da tifar Jafaru, Inna Marka ce tsaye cikin mayafinta na fita, wanda rabonsa da ganin rana tun Wakili na raye. Adakar na kanta, buta da tabarmar salla na hannunta. Iskar hadari na kaɗa mata mayafi, ita kuwa ta zuba wa rigar ido daga nesa.

Da Turai ta iso, Inna ba ta bari ta yi magana ba.

"Riƙa mani butar ga," ta ce. "In yaron ya ƙare, ki ce mai cikin ɗakunan da za a ruhe gobe, shi bar muna guda."